Taƙaitawar zancenmu kan yara da waya

Salamu alaikum iyaye da malaman lakwal na Tawa. Kwana uku muna zancen nan, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda: waya ba ta kwana ɗakin yaro. Bayan isha a sa ta caji wurin uwa.

2. Facebook da TikTok da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe asusu. Amma 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, na ƙara shekaru su buɗe, galibi da wayar yayyensu.

3. Nan aka fi daɗewa. Baƙo a intanet ya fara wa yarinya da gaisuwa, ya turo kiredin dala ɗari, ya nemi hoto, daga nan sai barazanar watsa hoton in ba a biya shi ba. Wata malama ta ce ɗalibarta ta yi sati biyu ba ta cin tuwon kirki kafin ta buɗe baki. Shawarar jama'a: kada a biya ko dala, kada a goge saƙonnin, a kai wa 'yan sanda, dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan. Kuma don Allah kada a doki yarinyar, in an doke ta gobe ba za ta faɗa ba. Wannan ni ma ina bayansa ƙwarai.

Inda aka rabu: wasu sun ce a hana waya sam sai bayan BEPC, jarrabawar gama kwaleji, wasu sun ce hani ɓoyo yake koyarwa, gara a zauna a duba tare. Ba a daidaita ba.

Kan faɗakarwa, an roƙi limamai su taɓo zancen a huɗuba, samarin fada su kula da ƙannensu, a kuma nemi fili a rediyo da Hausa saboda iyayen da ba su yi boko ba.