Wanda ya taɓa zuwa taron ƙara wa juna sani da kuɗin aljihunsa, ya zo ya ba mu labari

Ƙaramin malami, sashen harsuna

Assalamu alaikum malamaina. An karɓi tsakurena a wani taro da za a yi a Ibadan cikin Nuwamba, saura mako biyar. Wannan ne karon farko da zan fita wata jiha in karanta maƙala. Na kai takardar neman tallafi ofis, aka ce in tafi da kuɗina, in na dawo da rasidai a biya ni. To ga rajista, ga mota zuwa da dawowa, ga kwana uku a masauki, albashin kuwa kun san inda yake tsayawa. Wani abokina mai shago a Kantin Kwari ya ce zai ranta mini. Kafin in miƙa hannu ina so in ji daga bakin waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Don Allah ku faɗa mini yadda abin yake, ban da irin bayanin da ake yi a taron sashe.

Malamin tarihi

Wa alaikumus salam Malam. Ka zauna da kyau.

Oktoban 2022 na tashi zuwa wani taro a Inugu. Ka tuna lokacin: yajin aikin ASUU da aka fara tun 14 ga Fabrairu bai ƙare ba tukuna, wata da watanni babu albashi. Ragon da na ajiye don sunan ɗan ƙanena na sayar na yi guzuri. Mun bar Abuja da sassafe, muna kusa da Koton Ƙarfe muka tarar da layin tireloli ba a ganin ƙarshensa. Kogi ya cika ya hau kwalta. Direbanmu ya kashe mota ya ce, "Jama'a, nan fa ƙarshen kuɗinku." A nan muka kwana, sauro kamar a ɗebo da kwarya, ruwan leda ya ninka kuɗi.

Da gari ya waye na ga mutane suna hawa kwalekwale, har da babura a ciki. Na naɗe kwamfutata a ledar biredi biyu, na cusa ta cikin babbar riga, na ɗora jakar a ka kamar mai tallar goro, na shiga. Wani bawan Allah da ke kusa da ni yana ta salati, ni kuma zuciyata tana kan babi na uku na digirina da ban ajiye a ko'ina ba sai cikin kwamfutar nan. Da muka tsallaka sai acaba, sai wata motar daga Lakwaja. Na isa wurin taro zaman da aka sa ni ya tashi tun jiya. Suka tausaya suka saka ni a rana ta ƙarshe bayan la'asar, mutum huɗu a ɗakin, ɗaya ma caji ya zo yi.

Yanzu ga amsar tambayarka. Da na dawo aka ce in kawo rasidin kowace tafiya. Na ce wa akawun, ranka ya daɗe, mai kwalekwale ba ya ba da rasidi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya soke layin. Sauran kuɗin sai bayan wata goma sha huɗu suka shigo. Kafin nan an cire tallafin mai a Mayun 2023, an saki naira a Yuni, abin da aka ba ni ko rabin ragon bai saya ba. In za ka ci bashi, ka ci wanda albashinka zai iya biya, ka mance da batun rasidi. In sun biya ka, ka ɗauka tsintuwa ce.

Malamar kimiyyar sinadarai

Malam na tarihi ka ba ni dariya, Allah Ya ƙara kiyayewa. Ku dai maza kun huta, jaka ɗaya ku yi gaba. Ni tafiyata tana farawa ne mako biyu kafin ranar, da lallashi. Maigida bai cika hanawa ba, amma Hajiyarsa tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 in ta ji an ce tashar jirgin Rigasa sai ta tashi tsaye. Ko da jirgin ya dawo aiki a Disambar shekarar, sai da na turo yayana ya je ya durƙusa ya yi mata bayani kafin ta ce Allah Ya tsare.

Na tafi da goyon wata bakwai. Dole na ɗauki ƙanwata ta riƙe mini shi, ke nan tikiti biyu, abinci biyu, ɗakin da ya fi girma, kuma babu fom ɗin da ke da gurbin 'yar raino. Ana saura minti biyar a kira ni yaron ya ƙi kowa. Ina ta jijjiga shi a baranda, ina jin shugaban zama yana kiran sunana a lasifika. Sai wata dattijuwa Bayarabiya, farfesa ce ashe ban sani ba, ta ajiye jakarta ta kunce gyalenta ta ce in ɗora mata shi a baya. Ta goya shi tana zagaya barandar tana yi masa waƙa da yarensu har na gama. Da na fito na same shi yana barci, ita kuma ta tambaye ni a kan me na yi magana. A tsaye na sake karanta mata maƙalar. Ta ce injin da nake kukan babu a wurinmu suna da shi, in aiko da samfurina. Sakamakon da na kare digirina na uku da shi daga ɗakin gwajinta ya fito.

Don haka ni ba zan ce maka kada ka je ba. Abin da na samo a barandar nan ya fi abin da na samo a cikin ɗakin.

Dakta, nazarin harshe

Na cikin gida ai da sauƙi, ko ba komai babu mai tambayarka ko za ka dawo. Bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yanzu Yuro 90 ce tun Yunin 2024, ban da kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu, ban da inshorar lafiya da sai ta kai ta Yuro 30,000, ban da motar Abuja ko Legas don ɗaukar hoton yatsu. In an hana ka, ko sisi ba ya dawowa. Wata ƙasar Turai ta taɓa hana ni, aka yi wa wani layi alama a takardar wai ba su gamsu zan dawo ba. Ni da ke da mata da 'ya'ya biyar da ɗalibai ɗari uku suna jiran sakamako! Wani karon kuma an ba ni, amma fasfon ya iso hannuna kwana biyu bayan an rufe taron. Ba mu kaɗai ba ne: a babban taron cutar ƙanjamau na duniya da aka yi a Montreal a 2022, mahalarta da yawa daga Afirka biza ta tsare su, har aka yi ta ƙorafi a fili a wurin taron. Rajistar ma a wancan lokacin katin naira ba ya biya a waje, sai na roƙi tsohon ɗalibina da ke karatu a can ya biya, na tura wa mahaifinsa naira a nan.

Karon da na samu fita, taron harsunan Afirka ne da ake yi duk shekara a Leiden ta ƙasar Holan ƙarshen Agusta. Uwargida ta haɗa mini kilishi mai yawa da dambun nama, don kada in sha wahalar neman halal. Ban san doka ta hana matafiyi shiga Tarayyar Turai da nama ba. A filin jirgi aka buɗe jakar, ƙamshi ya cika wurin, jami'in ya sa safar hannu ya ɗaga kilishin da yatsa biyu yana juya shi, ya tambaye ni ko fata ce. Ina ji ina gani aka jefa a kwandon shara. Yajin kaɗai suka bar mini, shi na yi ta barbaɗa wa biredi da dafaffen ƙwai kwana huɗu.

Ɗan'uwanku daga Maraɗi

Sannunku da hira. Mu nan ƙarin girman malamin jami'a a hannun CAMES yake, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, mai mazauni a Wagadugu, kuma su ma suna duba inda ka je ka yi magana da abin da ka buga. To mu Katsina ta fi muna Yamai kusa nesa ba kusa ba. Yamai sai ka shiga kar, wato babbar motar fasinja, tun kafin asuba, ka bi Ƙwanni da Doso, ka wuni a zaune. Katsina kuwa ka bi Ɗan Isa ka fito Jibiya, ka sha hura a can ka kwana gida.

A 2023 an karɓi takardata a wani taro a Kano. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Wasu suka ce in bi ta daji da ɗan kabu-kabu kamar masu buhun shinkafa, na ce malamin makaranta da furfura a kama shi a ɓarauniyar hanya, da wane ido zan dubi ɗalibai? Aka ce to in yi ta intanet. Amma Najeriya ta yanke muna wuta a lokacin, ana tsakiyar bayanina batir ya mutu. Daga baya na naɗi sauran da murya na aika wa shugaban zaman ta WhatsApp, ya kunna musu a lasifika.

Wani abu kuma da kullum ke ba ni dariya in na zo wajenku: na rubuta da Faransanci, ku kuna karantawa da Turanci, kowa na gyaɗa kai bai fahimci kowa ba. Sai an fito shan shayi a koma Hausa, nan ne ake tambayar gaske.

Wani malamin kwaleji

Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Duk wannan wahalar ta mece ce, in dai takardar shaidar halarta ce ake nema don ƙarin girma? Kowa a nan ya san ana tura kuɗin rajista a ba wanda zai je, ya karɓo wa mutum biyar takarda. Na taɓa ganin maƙala ɗaya da sunaye bakwai, wanda ya zo karantawa ma bai iya faɗar kalmar da ke cikin taken ba. Kwamitin ƙarin girma ba ya tambayar mutum nawa ne suka saurare ka. Malam, ka tura rajista, ka riƙe kuɗin motarka ka sayi masara.

Malamar kimiyyar sinadarai

A'a Malam, wannan shawara ba da ni ba. Yaron nan karonsa na farko ke nan.

Tsohon farfesa, mai ritaya

Abin da malamin kwaleji ya faɗa yana faruwa, na zauna a kwamitocin nan na gani, kuma mu manya mu muka bari ya yi tsawo. Sai dai ranar da za a kira mutum ya kare aikinsa gaban baƙon mai jarrabawa, takardar da aka karɓo masa ba ta buɗe baki.

Ɗana, mu a zamaninmu jami'a ke ba da mota da direba, mu cika ta mu shida, a tsaya Jebba a ci kifi, a yi ƙasaru a gefen hanya, a ci gaba da musu kan maƙalar wani har Ilori. Yanzu babu motar, amma ba a hana ku haɗuwa ba. Nemi waɗanda za su je daga garinku ku yi karo-karon mai. Kada ka kama otal ɗin da masu taro suka rubuta a takarda, na manya ne masu alawus. Ibadan akwai Sabo, unguwar Hausawa ce tun fiye da shekara ɗari, ba za ka rasa tuwo da wurin shimfiɗa ba. Kuma ka buga maƙalarka a takarda ko kwafi goma ne, don majigi da janareta ba su da alƙawari. Za a ce maka minti goma sha biyar, in manya suka gama jawabin buɗe taro za ka ga ya koma bakwai. Ka gwada karanta ta a bakwai tun daga gida.

Dakta, nazarin harshe

Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: kada wani ya ruɗe ka da jirgin sama in taron ya matsa zuwa Disamba. Hazo ya taɓa zaunar da ni filin jirgin Kano wuni biyu, ga tikiti a hannu ga taro yana ci.

Ƙaramin malami, sashen harsuna

Na gode ƙwarai malamaina, Allah Ya saka da alheri, Baba Allah Ya ƙara lafiya. Na bincika, ashe mu huɗu ne za mu daga nan, ɗaya yana da mota, mun yi magana za mu raba mai. Abokina na Kwari rabin abin da ya yi niyya zan karɓa, na ce masa ƙarshen wata biyu. Jiya na karanta wa matata maƙalar tana riƙe da agogo, minti goma sha tara, ta ce tun a na shida ta daina fahimta. Saura hanya: mai motar yana son mu bi Bida da Mokwa mu fito Ilori, wani kuma ya ce Lakwaja da Okene. Wacce kuka gani?

Malamin tarihi

Wannan kada ka tambayi malamai. Ana jibi za ku tashi ka je tasha ka sami direbobin da suka shigo daga Ibadan a daren, su za su gaya maka inda ya lalace da inda ba a bi bayan magariba a makon. Kowacce kuka ɗauka, ku fita bayan asuba, ku kwana a hanya in dare ya yi. Duk gidan man da kuka tsaya ka karɓi rasidi da hatimi, ka ɗauki hotonsa nan take, don tawadar irin takardar nan tana gogewa kafin fayil ɗinka ya bar teburin farko. Babi na ukun nan kuma, ko naka na nawa ne, ka tura wa kanka ta imel kafin ka shiga mota.