Neman shawara: Baba ya fara mantuwa tun da muka dawo da shi Abuja

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 76, kuma a Gangare cikin Jos ya yi rayuwarsa, inda kullum bayan la'asar yake zama majalisa ana buga dara, bayan magariba ya tafi ɗaukar karatu, kuma ba a ɗaurin aure ko suna a unguwa babu shi. Da Mama ta rasu, sai na ɗauko shi zuwa gidana a Kubwa, bayan doguwar muhawara da ƙannena. Yanzu yakan maimaita tambaya sau uku, jiya ma ya kira ɗana da sunan marigayi ƙaninsa. Shin rabuwa da majalisarsa ce ta jawo masa gigin tsufa?

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, ki kai shi asibiti tukuna. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin cutar, ciki har da kaɗaici, raunin ji, hawan jini da ciwon suga. Wani bincike a Ingila ya gano cewa tsofaffin da ke yawan zuwa gidajen tarihi ba su cika kamuwa da ita ba. Dara da karatu suna motsa ƙwaƙwalwa, amma ba sa warkar da abin da ya riga ya fara.

Wani ɗan Bukuru: Ki mayar da shi Jos. Haka yayanmu ya kai mahaifiyarmu Gwarinpa ba tare da shawarar kowa ba, ta wuni a ɗaki babu mai leƙowa gaisuwa, kuma har yau ba ya ɗaga wayata idan na tayar da maganar.

Wata uwa: Kada ki mayar da shi, 'yar'uwa, baƙin cikin rashin matarsa ne. Ki haɗa shi da dattawan masallacin unguwarku.

Ma'aikaciyar jinya: Baƙin ciki yana kawo mantuwa, shi ya sa na ce likita ne zai bambance. A duba kunnensa, domin wanda ba ya ji sosai ko a majalisa shiru zai yi.

Mai tambaya: Na gode, amma ban kulle Baba ba, Malam. A Jos babu mai dafa masa abinci, kuma sanyin hunturu yana kwantar da shi. Jinsa lafiya lau, asibiti kuwa ya rantse ba zai je ba.