"Na Saki Mijina": Kalmar Da Ta Hargitsa Zaure

Maman Biyu: Alhamdu lillahi, yau dai na saki mutumin nan a kotu. Wata 11 ina sintiri. Zama 7 aka sa, 3 kawai ya halarta. Kullum in ɗauki ambulan ɗin takarduna da har ya yage ta gefe, in zauna a bencin baranda tun takwas, sai wajen azahar rijistara ya leƙo ya ce an ɗage, wai masinja bai same shi da sammaci ba. Mutumin da kowa ya san sahun da yake sallar asuba! Shi da ya ga dama, da kalma ɗaya ya gama yana kishingiɗe. Ni sai da na kawo shaidu biyu cewa shekara guda bai ciyar da mu ba. Me ya sa doka ba za ta yanka wa irin wannan shari'a wa'adi ba?

Ɗalibin Ilimi: Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma ki gyara magana, 'yar'uwa. Mace ba ta saki. Igiya a hannun miji take. Abin da kika yi khul'i ne.

Anti Ba Tsoro: An fara. Baiwar Allah ta zo da kukanta, kai kuma kalma ka hango.

Ɗalibin Ilimi: Anti, da kalma ake ɗaura shi, da kalma ake kwance shi. Ba wasa ba ne.

Lauyan Zaure: Malam, ai ba khul'i ba ne ma. Khul'i shi ne mace ta fanshi kanta, kamar matar Sabit bin Ƙais da ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, hadisin yana Bukhari. Ita kuwa shaidu ta kawo kan rashin ciyarwa, alƙali ya raba. Ba ta mayar da komai ba.

Ɗalibin Ilimi: To fasakhi ne, wato alƙali ya warware auren. Ba dai saki ba.

Lauyan Zaure: A Malikiyya saki ake lissafa shi, alƙali ne ya yi a madadin miji. Kuma na rashin ciyarwa mai kome ne: in ya samu abin ciyarwa tana cikin idda, yana iya mayar da ita. Na cutarwa ne ba'ini, wato ba kome sai da sabon ɗaurin aure.

Maman Biyu: Innalillahi. Barista, kana nufin zai iya dawowa? To ni wanne aka yi min?

Lauyan Zaure: Hajiya, ki duba takardar hukuncin, dalilin da alƙali ya dogara da shi yana rubuce a ciki.

Tsohon Soja: Duk sharrin boko ne. Yaushe aka fara kai sirrin ɗaki gaban alƙali? Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Shi ke nan.

'Yar Jami'a: Baba, in masu sulhun sun gaza fa? Kuma ba boko ba ne. Tunisiya tun 1956 ba a saki sai a kotu. Masar a 2000 ta ba mace damar khul'i ko miji bai yarda ba, in ta mayar da sadaki ta yafe haƙƙoƙinta na kuɗi. Maroko a 2004 ta ce ƙarar saɓanin ma'aurata kada ta wuce wata 6. Wa'adin da Maman Biyu ke nema ke nan.

Tsohon Soja: Tunisiyar da ta haramta ƙarin aure? Ita za ki kafa min hujja da ita, yarinya? Ke kin ma yi auren?

'Yar Jami'a: Me ya kawo aurena nan, Baba?

Anti Ba Tsoro: Idan hujja ta ƙare musu sai su koma "kin yi aure?" Ni na yi sau biyu, zo ka tambaye ni.

Sista a Gefe: Ni dai wata 11 gani nake kin yi gudu. Mu masu auren rajista a Najeriya, dokar 1970 ce, kuma sai babbar kotu. In rabuwar zama za ki kafa hujja da ita, shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, 3 in ya ƙi. Ko an yanke hukunci, na wucin gadi ne, sai bayan wata 3 yake tabbata. Akwai ma wadda kotu ke raba muku zama kawai, auren na nan, ba mai iya sake aure.

Lauyan Zaure: Haka ne. Ingila ta sauƙaƙa a Afrilun 2022, ba sai ka ɗora wa kowa laifi ba, amma duk da haka akwai jiran mako 20, sannan ƙarin mako 6.

Ɗalibin Ilimi: Wannan "kashe aure" ne, ba saki ba. Ku daina gwama kalmomi.

Ango Sabo: Don Allah tunda ana maganar, wani abokina ne ya ce "na sake ki saki uku" a saƙon waya cikin fushi. Nawa ne?

Anti Ba Tsoro: "Abokina." Ango, wata nawa da bikin?

Ɗalibin Ilimi: Uku ne. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan haka.

Mai Bin Dalili: Ɗaya ne. Ibn Abbas ya ce a zamanin Annabi (SAW) da na Abubakar da shekara biyu na halifancin Umar ɗaya ake ɗaukarsa, yana Sahihu Muslim. Ibn Taimiyya ma haka ya tafi. Dokar Masar ta 1929 ɗaya ta lissafa shi.

Ɗalibin Ilimi: Na san za ka fito. Wato kai ka fi Sayyidina Umar fahimta? Mun san makarantar da ta yaye ka.

Mai Bin Dalili: Ni ma na san tsangayar da kai ka tsaya.

'Yar Jami'a: Kotun ƙolin Indiya ma ta soke saki uku a kalma ɗaya a 2017.

Ɗalibin Ilimi: Yanzu kuma Indiya ce ke mana fatawa?

Maman Biyu: Na duba takardar, an rubuta rashin ciyarwa da cutarwa duka biyun. Wanne zai yi aiki? Barista?

Tsohon Soja: Barista ya gudu, an zo wajen aikin kyauta.

Anti Ba Tsoro: Kai da ka zauna me ka tsinana mata?

Tsohon Soja: Admin, ka ja wa matar nan kunne, na haifi kamarta.

Admin: Jama'a, ya isa haka. Ga abin da aka cimma a taƙaice. Zaure ya haɗu a kan cewa mace ba ta saki, kamar yadda Malam Ɗalibin Ilimi ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara masa sani. 'Yar'uwarmu khul'i ta yi, muna roƙonta ta gyara rubutunta na sama. Maganar Tunisiya da Ingila da Indiya ba ta shafe mu ba. Saki uku uku ne, wanda ke da wani ra'ayi ya riƙe abinsa. Anti, wannan gargaɗi na biyu ke nan kan yi wa manya rashin kunya. Ango, abokin naka ya kira ni ta waya bayan isha'i. Na rufe sharhi.