Manhajar waya ta ce jinina ya sauka, in ci gaba da ajiye maganin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Tun bayan haihuwar autana likita ya ce ina da hawan jini, ya ɗora ni a kan maganin amlodipine. Mahaifiyarmu shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita, ni na yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa, ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu da cokali, 'yan uwana maza sai dai su leƙo su tafi. Shi ya sa nake tsoron ciwon nan. 'Yata ta sa mini manhaja biyu, ɗaya tana tuna mini lokacin magani, ɗaya kuma in na ɗora yatsa a kan kyamara sai ta nuna awo. Kullum 120/80 take ba ni, wato jinin lafiya lau. Ganin haka, ga ƙafafuna suna kumbura har takalmi ba ya shiga, sai na ajiye maganin. Yanzu ƙeyata ke ciwo da asuba.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, goge tarkacen nan duka. Waya ce za ta san jininki? Zoɓo ba sukari da tafarnuwa, shi ke nan. Ni da shi nake zaune.

Maman 'yan biyu: Ni matsalata layin asibiti. Ka je tun asuba, sai azahar a kira ka, likitan ko ɗago kai ba ya yi. Ga magani kullum ƙara kuɗi yake.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, kyamarar waya ba abin dogaro ba ce wajen awon jini. Ki nemi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ko ki je kemis yau a auna ki. Ki zauna minti 5 tukuna, kada ki ci goro ko ki sha kofi kafin awon. Daga 140/90 zuwa sama jini ya hau. In ya kai 180/120 ga ciwon kai ko ciwon ƙirji, asibiti kai tsaye. Kumburin ƙafa sananne ne ga amlodipine, likita zai iya rage maganin ko ya canza miki wani, amma ba a ajiye shi da kai. Manhajar tunatarwa ki riƙe ta, ki riƙa rubuta awon na'ura a ciki safe da yamma ki nuna wa likita.

Hajiya Babba: Ku dai komai likita. Iyayenmu da wace na'ura suka rayu? Ta rage gishiri da dunƙule kawai.

Ma'aikaciyar jinya: Gishirin kam gaskiyarki Hajiya, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kada ya kai giram 5 a rana, har da kanwa a kiyaye. Amma zoɓo ba ya maye gurbin magani.

Mai tambaya: Na gode, amma manhajar nan dubban mutane sun yaba mata, kuma ran da na yi faɗa da maigida ta nuna ya ɗan hau. Ciwon ƙeyar ma ƙila rashin barci ne.

Ma'aikaciyar jinya: Bugun zuciya ta gani, shi kam kyamara tana iya kamawa. Yaushe rabonki da asibiti?

Hajiya Babba: Ki jiƙa zoɓon tun dare.

Mai tambaya: To bari in ga ƙarshen wata, in albashi ya shigo.