Bayan aikin ƙona zuciya, ECG ɗin Baba ya canja, lafiya kuwa?

Ummu_Haidar: Salam jama'a dan Allah masu ilimin asibiti ku taimaka min. Sati 5 kenan da aka yi wa Babanmu aikin nan na ƙona wurin da ke rikita bugun zuciya, AF ne da shi, wato bugun zuciya mara tsari, shekara da shekaru, ta cinya aka zura masa siririyar waya har zuciya. Alhamdulillah faɗuwar gaban ta daina, amma jiya da muka yi gwajin bugun zuciya na ECG sai na ga injin ya buga QTc 472 ya ja layi a ƙasa, kuma bugunsa da yake 64 a da yanzu 88 ne ko yana zaune. Wlh tun jiya ban runtsa ba, ganin likitansa sai wani satin.

Dakta_Sambo: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kwantar da hankalinki Hajiya bari na miki bayani. Duk bugu ɗaya zuciya sauke cajinta take yi sannan ta sake ɗauka kafin bugu na gaba, to QT shi ne lokacin da ɗakunan ƙasa na zuciya ke ɗauka daga fara bugun har su gama mayar da cajin. Ita kuma ƙonar a ɗakin sama na hagu ake yi, a bakin jijiyoyi 4 da ke kawo jini daga huhu, tun 1998 wani likita Haïssaguerre a Bordeaux ta Faransa ya nuna mafi yawan tartsatsin AF daga nan yake tasowa. To sai a ce me ya haɗa sama da ƙasa? A daidai wurin akwai curin jijiyoyin laka da ke taka wa zuciya birki, in zafi ko sanyin aikin ya taɓa su sai birkin ya saki, shi ya sa kika ga 88, kuma hakan kan ɗauki watanni kafin ya sauka, wasu har shekara. QTc kuwa QT ne da injin ya gyara lissafinsa gwargwadon saurin bugu. Duba min takardar, nawa aka rubuta a QT ɗin da ba shi da c?

Ummu_Haidar: 390 ne Dakta

Dakta_Sambo: Yawwa abin da nake zato kenan. Yawancin injinan da lissafin Bazett suke aiki, tsohon lissafi ne tun 1920 kuma in bugu ya yi sauri sai ya zuzuta lambar. Da wani lissafin, na Fridericia, 390 a bugu 88 wajen 443 zai ba ki, ƙasa da 450 da ake so ga namiji. Inda ake tashi tsaye shi ne 500 zuwa sama. Amma fa ba na gaban mara lafiya, ki tura wa likitansa hoton takardar yau ɗin nan, kar ki jira satin. In ya suma ko jiri ya kwashe shi ko ƙirji ya riƙe, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Bala_Kemis: Dakta ya gama magana, ni tambayata ɗaya ce, wane magani yake sha? Don in an bar shi kan amiodarone ko sotalol su kansu suna tsawaita QT, amiodarone ma ko an daina yana daɗewa a jiki wata da watanni. Kuma abin da ke ban haushi da mutanenmu, zazzaɓi kaɗan sai a aiki yaro kemis ya karɓo kinin ko chloroquine a haɗa da azithromycin ko cipro, duk ɗin nan suna ƙara jan QT, ga tsoho ƙila yana shan maganin sa fitsari na hawan jini potassium ya yi ƙasa, haɗuwarsu ce ke kawo mummunan bugun nan mai sa mutum ya yanke jiki ya faɗi. A auna masa potassium da magnesium, ba tsada.

Ummu_Haidar: Innalillahi, amiodarone yake sha kuwa, kuma shekaranjiya ƙanina ya sayo masa cipro wai cikinsa ya ɓaci, har ya sha guda 3

Bala_Kemis: To a dakata da cipron a kira likitan yanzu yanzu, a faɗa masa gudawar ma don ita kanta tana zubar da potassium. Maganin tsinka jini kuwa, in yana sha, kar a kuskura a tsayar masa sai da izinin likita.

Ummu_Haidar: Na kira shi, ya ce mu kawo shi da yamma a sake ECG a ɗebi jini. Na gode sosai Allah ya saka da alheri, zan dawo na faɗa muku yadda ake ciki.