Antibodi: sojan jiki ne ko makari?

Masu fassara da ma'aikatan lafiya sun daɗe da tsayawa a kan "garkuwar jiki" a matsayin sunan tsarin da ke kare jiki daga cuta, kuma sunan ya zauna daram, tun da har ƙanjamau ana ce mata cuta mai karya garkuwar jiki. Inda ba a daidaita ba tukuna shi ne sunan abin da likitoci ke kira antibodi. A rediyo da asibiti an fi jin "sojojin jiki", ni kuwa a ganina wannan suna yana da masu shi.

Masu shi su ne fararen ƙwayoyin jini, domin su rayayyu ne, suna yawo a jini da nama, wasunsu suna haɗiye ƙwayar cuta, wasu kuma suna kashe ƙwayoyin jikin da cutar ta riga ta shiga. Antibodi ba shi da rai. Furotin ne mai siffar harafin Y wanda wani rukuni na fararen ƙwayoyin, waɗanda ake kira ƙwayoyin B, ke ƙerawa su zuba a jini, shi kuma ya manne wa ƙwayar cutar ko dafinta, ya hana ta aiki ko ya yi mata shaida yadda masu haɗiya za su gane ta. Idan muka kira maƙerin da abin da ya ƙera da suna ɗaya, ɗalibi ba zai taɓa rarrabe su ba.

Shawarata ita ce mu ɗauki "makari", jam'insa "makarai". Bahaushe ya san cewa kowane dafi da nasa makarin, kuma haka antibodi yake, wanda jiki ya yi wa ƙyanda ba ya tsinana komai a kan mashaƙo. Tarihi ma yana goyon bayan wannan suna, domin a 1890 ne likitoci masu bincike Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna a Berlin cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana karya dafin ƙwayar cuta a jikin wata dabbar, aikin da ya kai Behring ga kyautar Nobel a 1901. Har yau maganin saran maciji makarai ne da ake tacewa daga jinin doki ko tunkiya.

Sai dai kada a ce "makarin jini" ko "makarin jiki", saboda a Hausa abin da ya biyo bayan makari shi ne abin da ake karyawa. A ce makarin ƙyanda, makarin mashaƙo, ko kuma makaran da jariri ke samu daga uwa ta mabiyiya da dakashi.

Akwai wuri guda da kalmar za ta iya ruɗa mutane, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Gwajin ƙanjamau da aka saba yi makarai yake nema a jini, alhali samun su shaida ce ta kamuwa, ba ta warkewa ba. Wanda aka ce wa "an sami makarin ƙanjamau a jininka" yana iya tafiya gida da murna. A ɗakin gwaji, saboda haka, gara a ce an ga alamar cutar, a bar "makari" ga aji da littafi. Ina so in ji ra'ayin malaman asibiti da ke ba da sakamakon gwaji baki da baki a kan wannan rabo.