Magani kala 11 a rana, likitoci uku, kuma babu mai magana da wani

Mai_Jinya:
Salam jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min. Mahaifina ya daɗe da ciwon suga, sai hawan jini ya biyo baya, yanzu kuma an ce ƙodarsa ta fara rauni ga zuciya ita ma tana neman shiga layi. Likitoci uku yake gani, na suga daban na ƙoda daban na zuciya daban, kowa ya rubuta nasa ya miƙo mana. Jiya na zazzage ledar magungunan a kan tire na ƙirga, kala 11 wlh, wasu na safe wasu na dare wasu sai an ci abinci, shi kansa ya daina ganewa ni ce nake ware masa a murfin kwalba. Cikin wata biyu sau uku ana masa gwajin ƙoda saboda duk wanda muka je wajensa sai ya ce a sake, shi bai ga na baya ba. Bana sau biyu ana ba shi gado. Maganar kuɗi kuwa ba a cewa komai. Wai haka ake yi a ko'ina ne, ko akwai wata hanyar da aka gano ta kula da irin su Baba ba tare da an tsiyata gida ba?

Dan_Famasi:
Allah ya ba Baba lafiya 'yar'uwa. Gsky abin da kika faɗa shi ne ciwon kan da ake fama da shi a duniya yanzu, an tsara asibiti ne a kan cuta ɗaya likita ɗaya, alhali yawancin tsofaffi da uku ko huɗu suke zuwa. Da mutum ya kai magani 5 a kullum mu a wajenmu ya shiga sahun waɗanda ya kamata a zauna a tace musu. Misali, amlodipine na hawan jini yakan kumbura ƙafa, sai wani likitan da bai san ana sha ba ya ga kumburi ya ƙara maganin sa fitsari, shi kuma ya jawo jiri da tashin dare, tsoho ya faɗi a banɗaki, sai gado. Kin ga an sayi magani don a kashe wutar da wani maganin ya kunna. Haka metformin na suga, idan awon aikin ƙoda ya sauka ƙasa da 30 dakatar da shi ake yi, tun kafin nan ma ana rage shi. WHO ta ƙiyasta a 2017 cewa kurakuran magani kaɗai suna cin dala biliyan 42 a shekara. Ki kwashi ledar gaba ɗaya har da wanda yake saya da kansa ki kai wa likita ɗaya, a bi su ɗaya bayan ɗaya a ce wannan na mene ne, har yanzu ana buƙatarsa? Amma dan Allah kar ki cire masa ko ƙwaya ɗaya da kanki.

Mai_Lissafi:
Ni ta ɓangaren kuɗin zan yi magana. A Amurka an daɗe da lura cewa mutum 5 cikin 100 ne suke cinye kusan rabin kuɗin da ake kashewa a lafiya, kuma da yawansu irin Baba ne masu cuta a kan cuta da suke shiga asibiti suna fita. Shi ya sa tun 2012 Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, take zaftare wa asibiti wani abu daga kuɗinsa, yanzu har kashi 3 cikin 100, idan waɗanda ya sallama suna yawan dawowa kafin kwana 30. A Ingila kuma hukumar NICE ta fitar da ƙa'ida a 2016 kan masu cututtuka da yawa, ciki har da a fayyace wane ne zai riƙe ragamar jinyar, a kuma duba nauyin da jinyar kanta take ɗora wa mara lafiya.

Sai dai kar a ɗauka abin yana da sauƙi. A garin Camden na jihar New Jersey wani likita Jeffrey Brenner ya yi suna da dabarar zaƙulo waɗanda suka fi kowa kwanciya, a haɗa su da nas da ma'aikatan jin daɗin jama'a suna bin su har gida suna raka su ganin likita, kowa ya yaba don an ga kwanciyar ta ragu. Da aka zo aka gwada da kyau, mutum 800 aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna cikin kwana 180 kusan 62 cikin 100 sun koma gado a kowane ɓangare, da waɗanda aka bi gida da waɗanda ba a bi ba. Ashe dama an ɗauke su ne lokacin da jikin ya fi tsanani, ko ba a yi komai ba adadin zai sauka da kansa. Ni dai tun daga nan in na ji an ce wani shiri ya rage kuɗi sai na tambaya da wa aka gwada shi.

Ba_Ruwana:
Malam duk na ji, amma ku daina kewaye-kewaye, farashin maganin ne matsalar. Insulin an gano shi tun 1921 amma sai da aka yi doka a 2022 kafin tsofaffin da ke Medicare su samu a dala 35 a wata, abu mai shekara ɗari fa. Humira kuwa, allurar ciwon kumburin gaɓoɓi, Turai ta samu makamantansa masu sauƙi tun 2018, Amurka sai 2023. Abu ɗaya da ya burge ni shi ne ƙwayar nan da ake haɗa maganin hawan jini da na kitsen jini wani lokacin har da aspirin a ciki, WHO ta sa ta a jerin muhimman magunguna a 2023, ko ba komai mutum ya fi tuna ƙwaya ɗaya a kan uku. 'Yar'uwa ki riƙa tambayar sunan maganin na asali ba sunan kamfani ba, sau da yawa abu ɗaya ne kwali ne ya bambanta.

Mai_Jinya:
Na gode ƙwarai. Dan_Famasi ka sa na koma kan tiren nan, wlh akwai amlodipine kuma ƙafar tasa a kumbure take. Sannan na tarar da diclofenac a aljihun rigarsa, wai na ciwon gwiwa ne yake sha tun bara, babu likitan da ya sani cikin ukun.

Dan_Famasi:
To wannan diclofenac ɗin shi ne abin gaggawa, shi da ibuprofen ba sa shiri da ƙoda mai rauni, balle in an haɗa da maganin fitsari da irin su lisinopril na hawan jini. Tunda ba likita ne ya rubuta ba ki lallaɓa shi ya ajiye, ki kira na ƙodar gobe kar ki jira ranar da aka ba ku, a nemo masa wani abin na gwiwar. Kumburin kuma kar ki yanke hukunci, zuciya da ƙoda ma suna kawo shi, su za su tantance. Ki ɗauki hoton sakamakon gwaje-gwajen nan uku a waya, duk wanda ya ce a sake ki fara nuna masa tukuna.